Sabulun Ladidi da Harshen Haliru

Shekara talatin da ɗoriya ina sayar da goro a gindin darbejiyar da ke ƙofar masallacin unguwarmu a Lahodu, kuma ban taɓa ganin mai cin goro irin Haliru ba. Ni kaina ba na ci, gyambon ciki ya hana ni tun ina saurayi. Shi kuwa kafin ya amsa maka ina kwana ya riga ya fasa ɗaya. In ya gama taunawa sai ya buɗe batta, ya ɗura garin taba mai kanwa a ƙasan leɓe, ya saɓa fartanya ya nufi fadama. Haka yake tun yana da gashi a ka.

Haliru ɗan gwaggona ne, wato taubashina, saboda haka ina da ikon in faɗa masa duk abin da na ga dama. Kuma shi ke auren yayata Ladidi. Da rani albasa yake nomawa, da damina gero da wake. Mutum ne mai gaskiya da ƙwazo, amma Allah ya zuba masa taurin kai. Na taɓa ganin ya yi yini guda yana neman gidan wani mutum a Wurno don kawai kada ya tambayi hanya.

Ladidi kuwa tun tana yarinya jikinta bai son sabulun kanti. Da ta goga shi sai ƙuraje su feso mata, ta kwana tana susa. Wannan ya sa kakarmu ta koya mata dafa sabulun salo, ita kuma ta riƙe abin har ta fi mai koya mata. Kowace shekara in an gama girbi sai ta tara karan gero ta ƙone, ta zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, ta bi ta da ruwa yana ɗiga a hankali. Ruwan tokar nan take tafasawa har ya yi ƙarfi, sannan ta zuba man kaɗe da kitsen sa, ta yini tana tuƙi da muciya. Can sai ka ga ta lakato kaɗan da yatsa, ta hura, ta taɓa a kan harshe. In ya cije ta sai ta ƙara mai. In bai cije ta ba sai ta sauke, ta dunƙula. Ba ta da ma'auni, ba ta da agogo, harshen nan shi ne komai nata. Duk matar da ta haihu a unguwarmu da dunƙulen Ladidi ake wanke jaririnta.

Haliru bai taɓa ɗaukar abin da daraja ba. Shi dai ƙorafinsa hayaƙi ya cika masa gida, kuma an ƙone karan da zai yi darni. Amma da sabulun yake wanka, har ya riƙa yi mana fankama wai shi bai san ƙaiƙayi ba.

Wata safiya da damina Ladidi tana tankaɗe sai rariya ta suɓuce daga hannunta, ta zame ta kwanta. Aka kai ta asibiti a Sakkwato, aka ce hawan jini ne. Ta dawo gida ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Abin da ya rage mata hannun hagu ne da idanu, kuma idanun nan suna nan da kaifinsu. Haliru ya ajiye mata ƙwarya da ludayi a gefen katifa. Bugu ɗaya na nufin i, bugu biyu na nufin a'a.

'Ya'ya biyar ta haifa, Allah ya bar mata ɗaya, Mashkura, wadda ke aure a Goronyo. Mashkura ta zo ta yi wata guda tana jinya, da za ta koma wurin yaranta ta ce za ta tafi da uwarta. Haliru ya ce ba inda za ta. Ya ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan za ta zauna. Aka tambayi Ladidi, ta buga ƙwarya sau ɗaya da ƙarfi har ludayin ya tsage.

Daga ranar dattijon nan mai shekara sittin da biyar ya koma mai jinya. Ya koyi juya ta don kada kwanciya ta ci mata fata, ya koyi dama kunu, ya koyi wanke zannuwa. Wanka kuwa ba ta yarda kowa ya yi mata sai shi. A majalisa aka sa masa suna Uwargida, kuma ba zan yi ƙarya ba, ni na raɗa masa.

Haka aka tafi har dunƙulen ƙarshe na sabulunta ya siɗe, ya koma kamar ƙwallon dabino. Haliru ya sayo na kasuwa a Wurno, baƙi sosai, mai shi yana rantsuwa na gargajiya ne. Kwana biyu jikinta ya yi rudu-rudu. Aka bincika cikin gari, tsofaffin da suka iya dafa na toka duk sun rasu, yaran yanzu kuwa da soda suke haɗa nasu. Mashkura ma ba ta koya ba, tun tana budurwa warin kitse ke tayar mata da zuciya.

Rannan da hantsi sai ga Haliru a teburina.

"Lauwali, karan geron ga naka da ke tsaye a gona, mi za ka yi da shi?"

"Darni za ni yi. Lahiya?"

"Ba ni shi. Sabulu za ni dahwawa."

Na yi dariya har na shaƙe. Na ce, "Kai? Uwargida, abin ya kai can?"

"Shekara arba'in ina kallon ta tana yi. Mi ag gare shi? Toka ta da mai."

To, ya ga abin da ke gare shi. Tukunyar farko ya cika mata wuta, ta taso ta yi ambaliya ta kashe murhu, kitsen da ya sha wahalar roƙa wurin mahauta ya bi ƙasa. Ta biyu ruwan tokar bai yi ƙarfi ba, ya yini yana tuƙi, da yamma mai na sama ruwa na ƙasa, kowa ya kama gabansa. Yakan ɗauko Ladidi ya jingine ta a bakin ƙofa don ta gani. In ya ɗaga ludayin mai sai ta buga biyu, in ya rage itace ta buga ɗaya. Wani lokaci ta yi ta bugawa ba ƙirga, wannan kowa ya san zagi ne. Na lura tun da aka fara dafuwar nan fuskarta ta washe. Malama ta samu ɗalibi, kuma daƙiƙi.

A tukunya ta uku aka yi ɓarnar. Rannan Ladidi ta tashi da zazzaɓi, tana ciki tana barci. Shi kuma ya ga dama ta samu da zai nuna mata ya iya ba da ita ba. Ya tafasa ruwan toka har ya ƙone rabi, ya zuba mai, ya tuƙa, abin ya haɗu ya yi kyau a ido. Ya lakato ya taɓa a harshe kamar yadda ya ga tana yi. Bai ji komai ba. Ya sauke, ya dunƙula, ya ɓoye. Da zazzaɓin ya sake ta, ya ɗumama ruwa, ya kwantar da ita rub da ciki, ya shafe mata baya da kumfa. Ta fara gurnani tana neman ƙwaryarta, ƙwaryar kuwa ya ture ta gefe don kada ta jiƙe. Ya ɗauka daɗi take ji. Ya ƙara cuɗawa.

Kafin la'asar bayan nan ya yi jawur, washegari ya ɗuri ruwa, fata ta saɓule daga kafaɗa har ƙugu. Ni na kira ma'aikacin lafiya ya zo ya wanke ya sa magani. Ni kuma na buga wa Mashkura waya.

Ta iso ko mayafi ba ta gyara ba. Da ta ɗaga zanen ta gani sai ta juyo.

"Baba, diba abin da kay yi ma Inna. Mutum ba shi da bakin da za shi ce wayyo, ka zauna kana dahwa ta?"

Haliru ya sunkuyar da kai. Sai ta juyo gare ni.

"Kawu, kai na ƙanenta, ka yi magana."

Na yi magana. Na ce Mashkura ta yi gaskiya, jinya ba aikin tsoho ba ce. Raina a ɓace yake, yayata ce, ita ta goya ni. Aka tsayar da magana cewa mijin Mashkura zai ƙarasa rufin wani ɗaki a gidansa, nan da wata biyu a zo da mota a ɗauke ta. Wannan karon ba a tambayi Ladidi ba, ita ma ba ta nemi ludayi ba. Da ciwon ya fara kamewa sai ta koma kwanciya ta manna bayanta da bango. In Haliru ya shigo da bokiti sai ta rufe ido ta buga biyu. Matata Sa'adiya ta riƙa zuwa tana goge mata jiki da ruwan ɗumi zalla.

Kwana uku bayan tafiyar Mashkura na iske shi zaune a gaban dunƙulen nan guda tara. Haushi ya sake taso mini.

"Kai ba ka ɗanɗana ba? Ba ka ga yadda taka yi ba?"

"Wallahi na ɗanɗana, har sau ukku. Lami na, babu komi."

"Miƙo in ji."

Na ɗan taɓa da ƙarshen harshe. Jama'a, ji na yi kamar kunama ta harbe ni a baki. Na yi tsalle na yi wajen randa, ina kurkura ina tofarwa, hawaye na zuba. Haliru ya bi ni da kallo. Ya ɗauki dunƙulen ya lasa, lasa sosai kamar mai shan alewa, ya tsaya yana jira.

"Ni ban ji komi ba," ya ce a hankali.

Sai a lokacin muka gane. Shekara hamsin na goro da taba da kanwa sun jeme masa harshe kamar ƙirgi. Duk abin da ya gani da ido ya kwaikwaya daidai, amma abin da ake aunawa da shi ya daɗe da mutuwa a bakinsa bai sani ba. Kuma ni ne na yi shekara talatin ina miƙa masa. Na ji kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido.

Ya sa hannu a aljihu ya fiddo goro biyu da battar taba, ya ɗora mini a cinya.

Na ce, "Ba sai ka wahal da kanka ba. In ka dahwa ka kira ni, ni in ɗanɗana ma."

"Ran da kat tahi saro goro hwa? Kuma ita ba ta taɓa aron halshen kowa ba. Hannun da ka tuƙi, halshenai ka auna."

Wanda bai taɓa ganin tsohon maciyin goro ya bari ba bai san wahala ba. Makon farko ciwon kai ya sa shi ɗaure goshi da rawani. Ya tayar da injin ban-ruwa a fadama, barci ya kwashe shi a gindin mangwaro, ruwa ya shanye masa fangali shida na albasa. Ya yi faɗa da ladan, ya yi faɗa da jakinsa, ya yi faɗa da ni sau ba adadi. Ya daina bi ta gaban teburina, sai ya zagaya ta bayan masallaci kamar mai gudun surukai. Ni kuma don mugunta in na hango shi sai in fasa farin goro tas in ɗaga. Daga baya na daina, don na ga idonsa yana kawo ruwa.

Kullum da safe yakan taɓa tsohon dunƙulen nan a harshe. Mako ɗaya, shiru. Mako uku, shiru. Na fara tunanin abin da ya mutu ya mutu ke nan, a banza yake azabtar da kansa, ga ranar mota tana matsowa.

Cikin mako na biyar na shiga gaishe da Yaya na sami Haliru a tsakar gida riƙe da kofin kunun da ya dama mata. Ya kurɓa don ya ji zafinsa, sai ya furzar.

"Lauwali, ji kunun ga. Mi anka zuba ciki?"

Na kurɓa. Kanwa ce ta yi yawa har tana ɗaci, ba ya shawuwa. Na ce, "Kai kad dama, ni za ka tambaya?"

"Haka nika zubawa kullum. Hannu guda."

Ya tsaya yana kallon kofin. Wata bakwai ke nan matar nan tana shanye wannan abu safe da yamma, ba ta taɓa buga masa biyu a kai ba. Ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa ganin Haliru yana kuka ba, ko ranar da muka binne 'ya'yansa. Tausayinsa ya kama ni, na rasa abin tsokana, na ɗauki kofin na zubar. Ya sake dama wani yana yi yana kurɓa. Da ya kai mata ta sha, ta tsaya, ta dube shi ta gefen ido, sannan ta shanye. Amma bayanta yana nan manne da bango.

Saura kwana biyu mota ta zo ya ɗora tukunya. Tun da aka sallame sallar asuba ya hura wuta, ni kuma na rufe teburina na zo na zauna. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Da abin ya fara kauri ya lakato, ya hura, ya taɓa. Sai na ga ya zabura ya dafe baki.

"Ya cije ni! Lauwali, wallahi ya cije ni!"

Ka ce an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ƙara man kaɗe ya tuƙa, ya taɓa, ya yamutsa fuska, ya ƙara. Haka har azahar ta gota, hannu ya gaji ya koma ɗaya hannun. Can ya taɓa, ya sake taɓawa. Ya miƙo mini. Na taɓa a tsorace, na ji maiƙo da ɗan ɗaci kawai, babu cizo. Duk da haka bai yarda ba. Da ya huce ya shafa kumfar a cikin damtsensa da fatar idonsa, ya bar ta ta bushe. Washegari ya nuna mini wurin, lafiya lau.

Ranar mota Mashkura ta iso da hantsi. Aka fara fitar da kaya, buhun tufafi, kwanuka, har an ɗaure sabuwar katifa a saman mota. Haliru ya fito daga ɗakinsa da dunƙule ɗaya a hannu.

"Mashkura, a ba ni wanka guda kahin ku tahi."

"Da wanga abu? Baba, ka yi haƙuri. Ba da ni ba."

Ni da na goyi bayanta a farko, ni na ce, "Ɗiyata, wancan karon ba mu tambayi mai jikin ba. Yau a tambaye ta."

Muka shiga mu uku. Ladidi tana kwance yadda ta saba, baya a bango. Haliru ya durƙusa, ya buɗe tafin hannunta na hagu ya ɗora dunƙulen. Ta matsa shi da babban yatsa. Ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta kai bakinta ta ɓangaren da ke da rai, ta taɓa da harshe. Ta daɗe haka, idonta a kan haƙoransa da suka fara fari. Muna jin direba yana waya a waje.

Ta ajiye sabulun, ta lalubi ludayi, ta buga ɗaya.

Sai ta kafa hannun hagu a bango ta fara ture kanta. Mashkura ta yunƙura za ta taimaka, Ladidi ta sake lalubo ludayin ta buga mata biyu. Da kyar, tana nishi, ta mirgina har ta kwanta rub da ciki, bayan nan mai tabo ya fuskanci mijinta. Na ja hannun Mashkura muka fito.

Muna tsaye a tsakar gida muka ji ƙarar ruwa a bokiti. Mashkura ta zauna a kan buhun tufafi ta yi kuka mai isarta. Da ta share fuska ta ce in je in ce wa direba ya kwance katifar, a nan za a bar ta.

Ladidi ta ƙara shekara uku a ɗakinta. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, da dunƙulen Haliru aka yi mata wanka. Tsohuwar da ta wanke ta ta fito tana ce wa mata, ita dai tun da take ba ta taɓa wanke wanda ya yi shekaru a kwance babu ko gyambo ɗaya a jikinsa ba, sai yau. Mashkura tana jin haka ta taso ta ratsa mutane, ta durƙusa a gaban ubanta ta kifa kai a gwiwarsa.

Ranar addu'ar bakwai ni na raba goro. Da na zo kansa na zaɓo fari babba, irin wanda yake so, na sa masa a hannu. Na ce, "Ci abinka, Haliru. Ka yi mai wuyar, babu sauran wanda za ka ɗanɗana ma."

Ya juya goron, ya kai hanci ya shaƙa har ya lumshe ido. Sannan ya ja aljihun rigata ya jefa shi ciki.

"Matar maƙwabcinmu Kabiru ta haihu shekaranjiya, sun aiko. In ba sabulun Ladidi ba, da mi za a wanke ɗan?"

Ya tashi ya shiga gida, don ya bar toka tana ɗiga.